Ƙullutun da ba ya ciwo: a bar shi ko a tafi asibiti?

Maman_Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Rigasa, shekarunta 41, 'ya'yanta shida. Jiya na je wajenta, muna cikin ɗaki sai ta kama hannuna ta ɗora a mamanta na hagu, can gefe wajen hammata. Na ji wani abu mai tauri kamar ƙwallon dabino, ba ya motsi sosai. Ta ce tun kafin azumi ta fara jin sa, ga shi yanzu har an yi layya. Ba ya yi mata ciwo ko kaɗan. Surukarta ta ce tunda babu zafi babu zugi, daskararren nono ne, zai baje da kansa. To amma autarta ta shekara uku da yaye. Ni dai jiya ban runtsa ba. Da gaske ne duk ƙullutun da ba ya ciwo ba abin damuwa ba ne?

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ba likita ba ce, amma wata huɗu ba kwana huɗu ba ne. Ku kai ta a duba.

Sista_Rabi:
Maman Walid, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 16 a wannan aiki. Maganar surukar tata a baibai take. Sankarar mama a farkonta galibi ba ta ciwo, shi ya sa ma take yaudarar mutane. Ƙullutun da ke zafi da ja da zazzaɓi, musamman ga mai shayarwa, sau da yawa ƙurji ne ko toshewar nono. Wanda ya yi shiru, ya yi tauri, bai da santsi a gefuna, ya ƙi motsawa a ƙarƙashin yatsa, shi ne muke so a kawo mana da wuri.

Ki koma ki duba mata waɗannan: ko fatar wurin ta loɓa ciki, ko ta yi ɗige-ɗige kamar ɓawon lemu. Ko kan maman ya shige ciki alhali da ba haka yake ba. Ko yana fitar da jini ko wani ruwa ba tare da an matsa ba. Ko akwai kaluluwa a hammata. Ko ɗaya ya fi ɗaya girma kwanan nan.

Kuma kada ki ɗaga hankalinki fiye da kima. A cikin ƙullutu goma da ake samu a mama, kusan takwas ba sankara ba ne. Amma hannu ba ya bambancewa, nawa ma da na saba taɓawa ba ya iyawa. Sai an yi hoto, in da buƙata a ɗebi ɗan nama a auna. Ga asibitin Barau Dikko nan a Kaduna, ga asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Ku fara da wanda ya fi muku sauƙi a wannan makon.

Ɗan_Kawo:
Sista ki yi haƙuri, wannan ɗibar naman ce ba na so. Tun muna yara muke ji daji ba ya son ƙarfe. Gwaggona lafiyarta ƙalau tana harkokinta, ana tsira mata allurar nan a ɗebi nama, ko wata biyar ba ta ƙara ba. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Ɗalibin_Shika:
Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta huta. Malam Ɗan Kawo, tambaya ɗaya zan yi maka, ba don musu ba: shekara nawa ta yi da ƙullutun kafin a kai ta?

Ina ajin ƙarshe a karatun likita, kuma abin da muke gani ke nan kullum a ɗakin marasa lafiya. Mutum ya yi shekara biyu ko uku yana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai wurin ya fashe yana wari sannan a ɗauko shi. Lokacin cutar ta riga ta bi jini ta isa huhu ko hanta ko ƙashin baya. A yi gwajin a tabbatar, bayan 'yan watanni rai ya yi halinsa, sai dangi su ce allura ce. Allurar ta tarar da ɓarnar ne, ba ita ta yi ta ba. Kuma ba tare da gwajin naman nan ba likita ba zai san wane iri ba ne, domin sankarar mama ma kala-kala ce, kowace da maganin da take ji.

Ɗan_Kawo:
Ta kai shekara biyu gaskiya, ko fiye. Amma dai tana tafiya da ƙafarta.

Hajiya_Malali:
Bari in sa baki, don ni ganau ce ba jiyau ba. Shekara bakwai ke nan da aka cire min mama ɗaya. Ina wanka na ji nawa, bai kai girman gyaɗa ba. Na ɓoye wa kowa har wata biyu, tsoro ya hana ni faɗa wa ko maigida. Babbar 'yata ce ta ga na rage fara'a, ta tsare ni har na gaya mata. Washegari ta ɗauki hutu a wurin aiki ta kai ni.

Ba zan yi muku ƙarya in ce da sauƙi ba. Ƙarin ruwan nan na kemo sau shida aka yi min, gashina ya zube tas, harshena ya daina jin ɗanɗanon komai, ko tuwon da na fi so in na sa a baki kamar ƙasa. Na sayar da filina na Rigachikun. Amma bara na aurar da autata, na rungumi jikoki uku da ba a haife su ba a lokacin. Matan da muke zama layi ɗaya da su ranar ganin likita, waɗanda suka zo da miki a buɗe, yawancinsu na yi musu ta'aziyya. Bambancina da su ba kuɗi ba ne, akwai waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba. Ni dai an kawo ni yana ƙarami.

Maman Walid 'yata, ki gaya wa yayarki Hajiya ta ce kada ta ƙara kwana bakwai.

Abu_Sadiq:
Ku gafarce ni zan ɗan kauce, amma abin yana cina. Mu maza namu sunansa basir. Ƙanena ɗan shekara 36, tela ne a Kasuwar Barci, ya yi fiye da shekara yana ganin jini a bayan gida. Duk mai maganin basir da ya wuce da lasifika sai ya saya. Na jarka, na ƙulli, na tsuguno a ruwan ɗumi, babu wanda bai yi ba. Yana ramewa muna cewa zaman keke ne da rashin cin abinci a kan lokaci. Wandonsa har sai da ya rage masa ƙugu sau biyu da hannunsa, ban farga ba. Ranar da cikinsa ya toshe gaba ɗaya, ba kashi ba tusa, aka yi masa tiyatar gaggawa, sai aka tarar da ƙari a hanji ya riga ya taɓa hanta. Ya bar mata da yara biyu. Har yau in na ji lasifikar nan ta wuce ƙofar gida sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, don ni da kaina na taɓa saya masa.

Ummu_Hanan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Ɗalibin_Shika:
Allah ya gafarta masa. Yaya Abu Sadiq, kada ka ɗora wa kanka, abin da ka sani ka yi aiki da shi.

Basir gaskiya ne, akwai shi, kuma yana jini. Jininsa ja ne jawur, yana biyo bayan kashi ko a gan shi lokacin tsarki. Abin da ke sa mu zargi wani abu daban: jini ya cakuɗu da kashin kansa, ko kashin ya koma baƙi kamar kwalta alhali ba a shan maganin ƙarin jini, ko tsarin bayan gida ya sauya makonni, yau gudawa gobe taurin ciki, ko mutum ya gama amma ya ji kamar da saura. In aka haɗa da rama ba dalili da ƙarancin jini, to a daina cewa basir sai likita ya duba. Kuma sankarar hanji ba cutar tsofaffi kaɗai ba ce. Chadwick Boseman, ɗan wasan fim ɗin Amurka, ita ta kashe shi a 2020 yana da shekara 43.

Mai_Shago_TW:
Ni fa gaskiya kuna tsorata mutane. Yanzu duk mai tari daji, duk mai basir daji, duk wanda ya rame daji? A wannan tsadar wa bai rame ba? Talaka da ke neman na masara za ku ce ya je ya yi hoton dubu kaza saboda ƙurji. In an gano ɗin ma da me zai yi maganin? Wani gara bai sani ba.

Sista_Rabi:
Malam Mai Shago, maganar kuɗi gaskiyarka ce, ba wanda zai musa. Na ga magidanci ya fita bayan ɗaki yana kuka da takardar magani a hannu. Amma ka lura, ba mu ce duk tari ba. Ma'aunin shi ne daɗewa. Tari ya wuce mako uku, ko ana tofar da jini: a fara da gwajin tarin fuka, kyauta ake yin sa a asibitocin gwamnati, in ba shi ba ne a nemi dalili. Murya ta dushe mako uku ba mura. Gyambo a baki ko harshe ya ƙi warkewa mako uku, musamman ga mai shan sigari ko mai cusa taba a leɓe. Abinci yana tsayawa a maƙogwaro, da tuwo ne, yanzu har kunu. Olsar da aka sha magani wata da watanni ba ta lafa ba, ga amai ga rama. Kaluluwa a wuya da ba ta ciwo ba ta kuma sacewa, ga gumin dare har zani ya jiƙe.

Kuma a lissafin kuɗin ma, cire ƙullutu ƙarami ya fi arha nesa da jinyar wanda ya bazu. Wanda ya ƙi zuwa da wuri saboda kuɗi, ƙarshenta dai sai an kai shi, an kashe ninkin abin da aka gudar.

Mai_Shago_TW:
Na ji. Amma a riƙa faɗa wa gwamnati ita ma. Mutum ya tashi daga Birnin Gwari ko Kafanchan don gashin nan na inji da ake yi wa masu sankara, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa ya haƙura.

Malam_Tukur:
Ina koyar da matan aure a Islamiyya a Tudun Wada, kuma wannan muhawara ta tuna min da wani abu da ya daɗe yana damuna. Tambayar da ta fi yawa a takardun da mata ke turo min ita ce ta jinin istihala. Malam jinina ya wuce kwanakinsa, yaya sallata? Malam na shekara huɗu da daina al'ada, yanzu jini ya dawo, in yi azumi? Shekaru ina ba da hukunci kawai: ki yi wanka, ki yi alwala kowace salla, ki ci gaba da ibada. Sai da wata ɗalibata dattijuwa ta rasu da sankarar bakin mahaifa na tuna ta taɓa yi min irin wannan tambaya. Malamanmu da kansu jinin cuta suka kira shi. To in cuta ce, ai neman magani ya hau kanta. Yanzu duk wadda ta tambaye ni, ina ba ta hukuncin, sannan in ce ta je asibiti, in kuma ce ta gaya wa mijinta Malam ne ya ce. Ina roƙon 'yan uwana malamai su riƙa haɗawa da wannan.

Ungozoma_Kakuri:
Allah ya saka da alheri Malam, wallahi ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Duk macen da ta shekara da daina al'ada sannan ta ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, ta zo. Haka jini bayan kwanciyar aure, jini tsakanin al'ada da al'ada, da ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. Wannan na ƙarshen shi ake ta kira ciwon sanyi, mace ta shekara tana matsi da shan kafso.

Abin da ke ba ni takaici, sankarar bakin mahaifa tana ba da lokaci mai tsawo. Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. A tsakanin nan akwai gwaji mai sauƙi: a shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a magance shi tun bai zama komai ba. Minti kaɗan ne. Mace in ta kai 30 ta yi ko ba ta jin komai, mai ɗauke da HIV kuma tun daga 25. Sannan ga rigakafin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya tun Oktoban 2023, allura ɗaya, kyauta.

Baban_Zahra:
Wannan allurar ni ban bari an yi wa 'ya'yana ba. Me ya sa sai mata, kuma sai ƙanana? Maganin zazzaɓi sai ka saya, wannan kuma har makaranta ake bin yara da shi. Dole mutum ya yi tunani.

Ungozoma_Kakuri:
Tambayarka a kan hanya take Baban Zahra, uba ne kai. Ana yi wa ƙanana ne saboda rigakafi yana aiki kafin a haɗu da ƙwayar cutar, wato kafin aure. An fara da mata saboda su ne ke da bakin mahaifa, su cutar ke kashewa. Ba sabuwar allura ba ce, tun 2006 ake amfani da ita a wasu ƙasashe, waɗanda aka yi wa a lokacin sun yi aure sun haihu. 'Ya'yana biyu na kai da hannuna aka yi musu. Ka zo asibitin unguwarku ka yi duk tambayar da kake da ita kafin ka yanke.

Baban_Zahra:
Zan yi shawara da mahaifiyarsu.

Maman_Walid:
Na gode ƙwarai jama'a. Na koma na duba kamar yadda Sista ta ce. Fatar lafiya lau, ba ruwa, amma akwai 'yar kaluluwa a hammata. Na karanta mata saƙon Hajiya, ta yi ta kuka. Ashe ba asibitin take tsoro ba. Cewa ta yi in aka yanke mata mama ta gama zama mace, mijinta zai ƙaro aure ya jingine ta. Shi kuma har yanzu bai ma sani ba.

Hajiya_Malali:
Wannan tsoron na san shi, na kwana da shi. Ki ce mata ba kowa ake cire wa duka ba, in ƙarami ne wani lokaci ƙullutun kaɗai ake cirewa. In ma an cire, ni ga ni, ina sa kayana ina zuwa biki, sai wanda na gaya wa ya sani. Mijin kuma dole ya sani, shi zai sa hannu, shi zai nemo kuɗi. In ba za ta iya faɗa masa ba, ku sami babban wanku ko kawunku ya zaunar da shi. 'Ya'ya shida uwa suke buƙata.

Baba_Direba:
Ni ina da tambaya tunda ga likitoci. Shekarata 63, ina jan mota Kaduna zuwa Kano. Da dare sai in tashi fitsari sau biyar, in na tsaya sai na yi ta jira kafin ya zo, ya zo kuma ba ƙarfi. A rediyo na ji ana cewa sankarar mafitsara. Ita ce?

Ɗalibin_Shika:
Baba, ba lallai ba ne. Akwai wani ɗan nama a ƙarƙashin mafitsarar namiji da ake kira furostet, bututun fitsari ta cikinsa ya ratsa. Yawancin maza in sun manyanta yakan kumbura ya matse hanya, kuma wannan kumburin ba sankara ba ne, yana da magani. Sai dai sankararsa ma tana iya zuwa da alamu iri ɗaya, ita ce kuma ta fi kama maza a ƙasar nan. Ka je a yi maka gwajin jini na furostet da ake kira PSA, likita ya duba ka, a kuma auna suga, don shi ma yana sa yawan fitsari. In akwai ciwon baya ko ƙugu mai naci, ka faɗa masa.

Sankarar mafitsara kanta daban ce, babbar alamar tata jini a fitsari ba tare da zafi ba. Mu da muka yi wanka a rafi da kududdufi muna yara mu kula, tsargiyar da ba a magance ba tana iya jawo ta bayan shekaru.

Auwal_Hayin_Banki:
Ba wanda ya ambaci sankarar hanta. Abokaina biyu ta ɗauke, dukansu ba su kai 40 ba, dukansu aka ce shawara ce ana ta ba su jiƙo. Ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Daga baya aka ce ciwon hanta nau'in B ne suke ɗauke da shi tun yarinta ba su sani ba. Ita wannan in ta nuna alama ta riga ta yi nisa, don haka gwajin jinin shi ne abin yi. Na yi nawa, ba ni da shi, na karɓi rigakafi sau uku. Jarirai ma ana yi musu ranar haihuwa, a daina jira sai bayan suna. Kuma gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a daina cewa a yi ƙuli ko kamu da su don kada a yi asara, gubar da ke cikinsu hanta take ci.

Maman_Ikram:
Na yara kuma, don Allah iyaye ku riƙa kallon hotunan da kuke ɗaukar su. Ɗan maƙwabciyata a hoton waya aka ga ƙwayar idonsa ɗaya tana haske fari kamar idon kyanwa da dare. Yana da shekara biyu. Aka kai shi asibitin ido na Mando, ashe sankarar ido ce. Ya rasa idon amma yana nan da ransa, bana ya shiga firamare.

Ɗan_Kawo:
Na karanta duka. Har yanzu zuciyata ba ta gama sakewa da maganar ƙarfen nan ba, ba zan ɓoye ba. Amma na kira babbar 'yar Gwaggo na ce ta je a duba ta, tunda an ce yana bin jini.

Sista_Rabi:
Ka kyauta. Ba kowace ke bin dangi ba, amma wadda mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta yi, ya kamata ta fara dubawa da wuri. Ta riƙa shafa da tafin yatsu kowane wata, kwana kaɗan bayan ta yi wankan tsarki, har cikin hammata.

Maman_Walid:
Salam 'yan uwa. Kawu ya yi wa mijin magana, wallahi bai yi musu ba, faɗa ma ya yi don me aka ɓoye masa. Shi ya kai mu da kansa ranar Talata. An yi hoto, likita ta ce ba ta gamsu da kamanninsa ba, jiya aka ɗebi naman. Yaya ta ce ko zafin kirki ba ta ji ba. Sun ce mu dawo bayan mako biyu. Surukarta har yanzu tana cewa an yi gaggawa. Ku sa mu a addu'a.

Hajiya_Malali:
Allah ya sa mu ji alheri. Mako biyun nan sun fi komai tsawo, kada ku bar ta ita kaɗai a ɗaki. Ki turo min saƙo ta gefe, ranar karɓar sakamakon zan zo in raka ku.